Tafkin Chadi: Yadda Matsalar Ruwa Ke Zama Ƙaura, Ƙaura Ta Zama Rikici

Da wuya a yi taro kan Tafkin Chadi a tashi ba a ji wani ya ce tafkin ya ragu da kashi 90 cikin ɗari ba, shi ya sa talauci ya yi katutu, shi ya sa Boko Haram ta samu gindin zama. Farkon maganar gaskiya ne. A 1963 faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan da ake hange daga sama bai wuce 2,000 ba. Sai dai daga janyewar ruwa zuwa ɗaukar makami akwai matakai da dama, kuma a kowane mataki akwai hannun mutum: wanda ya datse kogi, wanda ya shata iyaka, wanda ya rufe hanya, wanda ya kamata ya yi sulhu bai yi ba. A waɗannan matakan ne ake iya tare fitina, don haka su ya kamata a sani dalla-dalla.

Halin tafkin kansa

Tafkin Chadi faranti ne, ba ƙwarya ba. Faɗi gare shi, ba zurfi, domin a yawancin wurare zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba. Rana da iska kuwa suna ɗauke masa ruwan da ya kai tsayin mita 2 a kowace shekara. Ke nan in ba a sake cika shi duk shekara ba, ja zai yi, kuma saboda shimfiɗaɗɗen wuri ne, raguwar rabin mita kawai na iya mayar da bakin ruwa baya da kilomitoci masu yawa.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba masa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, waɗanda suka taso daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru, suka haɗe a Njamena. Kogin Komadugu Yobe, wanda ruwan Kano da Jigawa da Bauchi ke bi, ɗan abin da yake kawowa kaɗan ne, amma shi kaɗai ne kogin da ke zuba kai tsaye a ɓangaren arewa. Masunci a Baga, arzikinsa na shekara ya fi rataya a kan daminar da aka yi a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya fiye da wadda aka yi a Borno. Ambaliyar Shari tana kai ƙololuwa a Njamena wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tafkin ya cika wajen Disamba zuwa Janairu, daga nan ya fara ja har bazara.

Kafin 1970 Shari na kawo kimanin ruwa mita kubik biliyan 40 a shekara. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sannan na 1983 zuwa 1985 ya biyo baya, abin da yake kawowa ya koma kusan rabi. A 1973 wani tudu da ke ƙarƙashin ruwa ya fito fili ya raba tafkin biyu. Ciyayi suka tsiro a kansa suka ƙara toshe shi. Tun daga lokacin sai kwarin kudu ya cika ya tumbatsa kafin ruwa ya ƙetara zuwa kwarin arewa, inda Nijar da wani yanki na Najeriya suke. An yi shekarun da kwarin arewa ya ƙafe ƙaf, garin Ngigmi da yake bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa.

Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin ya daina wannan raguwar. Kwarin kudu ya tsaya da ƙafarsa, na arewa kuwa wata shekara ya cika, wata shekara ya ƙi. Ruwa mai yawa kuma yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi. Abin da ke wahalar da mutanen yankin yau shi ne rashin tabbas. Manomi bai san inda ruwa zai tsaya bana ba, makiyayi bai san ranar da fadama za ta buɗe ba. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki, har da fashewar dam ɗin Alau da ya cinye Maiduguri a Satumban 2024.

Da ruwa ya ja, mutane binsa suka yi

Mutane da yawa sun ɗauka da tafkin ya ragu sai jama'a suka watse. Akasin haka aka yi. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari laka ce mai taki da danshi, wadda ake shuka masara da wake a kanta da rani ba tare da ban ruwa ba. A lokacin da gero ke ƙonewa a tudu, shanu na faɗuwa a daji, cikin tafkin ne kaɗai ake samun kore. Sai Barebari da Shuwa da Hausawa da Fulani suka yi ta kwarara, ga masunta daga Kabi da Hadeja da ƙasar Jukun har da mutanen Mali, suka iske Buduma da Kanembu da Kotoko da ke wurin tun kaka da kakanni. Sababbin garuruwa suka tsiro a inda ake tuƙa kwale-kwale a da. Kafin rikicin Boko Haram ya kai can, mutanen da ke zaune a bakin tafkin da tsibiransa sun kai kimanin miliyan 2, kuma bandar Doron Baga har Onica da Legas ake kai ta.

Abin da ya sa wurin ya iya ɗaukar wannan jama'a shi ne fili ɗaya yana aiki uku a shekara. Idan ruwa ya rufe shi, na masunci ne. Idan ya ja, manomi ya shuka. Idan an girbe, makiyayi ya shigo da dabbobinsa su ci kara su bar taki. Gida ɗaya ma kan haɗa sana'o'in: shekarar ruwa a ƙarfafa su, shekarar fari a ƙarfafa noma. Bulama ko lawani ne ke raba fili duk shekara bayan an ga inda ruwa ya tsaya, shi ke sa ranar da shanu za su shiga, shi ke yanke diyyar ɓarna.

Wannan tsari yana da sharuɗɗa biyu. Dole mutum ya iya motsawa, kuma dole a samu wanda kowa ya yarda da hukuncinsa. Duk rikicin da za a ambata a ƙasa, in aka bi shi, za a tarar ɗaya daga cikin biyun ne ya karye.

Iyakar ƙasa ba ta bin ruwa

Masuntan Najeriya da suka bi ruwa gabas sun tsallaka iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata a takarda, wadda babu alamarta a cikin tafki. Suka kafa Darak da ƙauyukan kewayenta a ƙasar Kamaru. Daga baya hukuma ta biyo mutanenta da 'yan sanda da makaranta da mai karɓar haraji. Maganar ta kai Kotun Duniya tare da ta Bakasi, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, Najeriya ta janye daga ƙauyuka 33 a Disamban 2003. Tun kafin wannan, a 1983, sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza kan tsibiran da janyewar ruwa ta fito da su. Ga Hukumar Tafkin Chadi da ƙasashen huɗu, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka kafa tun 1964, amma sai bayan an zubar da jini aka ba ta aikin kafa alamomin iyaka.

Hannun gwamnati a cikin ƙarancin ruwa

Ba duk ƙarancin ruwa ne daga sama ba. A Borno an tsara babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a Sabon Marte, da niyyar noma alkama da shinkafa a hekta 67,000, da doguwar magudana da injinan da za su ja ruwa daga tafki zuwa Kirinowa. An yi lissafin ne da cikar tafkin ta shekarun 1960. Ana fara aiki ruwan ya ja ya bar bakin magudanar a bushe. Manoman da aka tara domin aikin, da yawansu suka bi ruwa cikin tafkin suka kama noman laka.

A Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 domin noman shinkafa, da ganuwa a gefen Logon. Ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza-Logon ta ragu, ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya suka matsa wasu wurare. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashiga domin ruwa ya koma, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Wannan ya isa shaida cewa ɓarnar da dam ya yi ana iya rage ta in an so.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fadamar Hadeja da Nguru. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, domin ruwan shan Kano da noman rani na Kadawa da Kura, daga baya kuma na kwarin Hadeja. A da, kogin yakan yi toroƙo da damina ya malale fadama, da rani ya ƙafe. Ambaliyar ce ke ba da shinkafa, ita ke ba kifi wurin haihuwa, ita ke cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, ƙafewar rani kuma ita ke kashe ciyawar ruwa. Dam ya rage toroƙon damina, ya kuma sa ɗan ruwa na gudana duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kachalla ke so. Ta yaɗu, ta rage gudun ruwa, yashi da laka suka kwanta, hanyoyin ruwa suka toshe. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta hanyar ruwan Marma ya kwanta a gonakin wajen Nguru, yayin da wasu rassan kogin suka bushe. Ƙauye ɗaya na kukan ruwa ya cinye masa gona, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa. Kachallar kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Daga nan ake fara saɓani tsakanin ƙauyuka. Na sama su haƙa magudana da dare su karkato ruwa, ko su jera buhunan yashi su kare gonakinsu. Na ƙasa su wayi gari ba ruwa, su ɗauko fartanya da gora su tafi fasawa. Ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam da Damasak da Difa yanzu mafi yawansa na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi, mutanen Yobe da Borno ke tayar da jijiyar wuya, kuma suna da hujja. Binciken tattalin arziki da aka yi a fadamar a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malale ta ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da su da itace, fiye da irinsa da aka tare domin manyan gonakin noman rani na sama. Ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, ga asusun da jihohi shida na kwarin suka kafa a 2006, amma kogi ɗaya ne hukumomin raya koguna biyu ke riƙe da shi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Lissafin makiyayi

Saniya na shan lita 25 zuwa 40 a rana da bazara. Garken shanu 100 na bukatar aƙalla lita 2,500 kullum. Da rani kuma saniya ba ta iya kiwo nesa da mashaya fiye da kilomita 15 zuwa 20, tunda sai ta dawo ta sha. Saboda haka duk wanda ke riƙe da rijiya, shi ke riƙe da ciyawar da ke kewaye da ita, ko da kuwa dajin ba na kowa ba ne.

A arewacin Difa, rijiyar gargajiya tana da mai ita, wato zuriyar da ta haƙa. Baƙo in ya zo sai ya nemi izini, a ba shi kwanaki, a sa masa layi bayan masu rijiya, shi ma ya san wata rana za a zo tasa. Ruwan da wasaki ke iya jawowa a yini shi ke iyakance yawan dabbobin da za su zauna, ciyawa ta kai su damina. Da gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka zo da rijiyoyin siminti da na burtsatse na kowa da kowa, niyyar alheri ce, amma sai aka samu ruwan da ba mai ba da izini a kansa. Manyan garkuna suka taru, ciyawa ta ƙare tun rani bai raba ba, layin shayarwa ya koma na mai ƙarfi, daga baya na mai bindiga. Wannan na cikin abin da ya rura gaba tsakanin Fulani da Tubawa da Larabawa a yankin. A Oktoban 2006 har gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar korar Larabawan Mahamid zuwa Chadi, kafin ta janye maganar bayan 'yan kwanaki. Duk mai shirin haƙa rijiya a ƙasar kiwo, kafin ya kira masu haƙa, ya kamata a zauna a rubuta wa zai riƙe ta, wa zai fara sha, kwana nawa baƙo zai yi, da tazarar da ke tsakaninta da ta kusa.

A Najeriya salon daban ne. Tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar bututu suka mayar da bakin koguna gonakin tumatir da albasa da tattasai. Arziki ne na gaske ga manomi. Amma fadamar nan ita ce makiyayar rani, kuma ta cikinta burtali ke bi zuwa mashaya. Makiyayi ya dawo daga mashekari ya tarar ruwa na nan yana gani, amma ba ta inda shanu za su kai gare shi sai ta cikin albasar wani. Ga dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965, amma yawancin wuraren ba a tabbatar da su a hukumance ba, da yawa kuma an nome. Wanda ya gaji sai ya zarce kudu, zuwa Binuwai da Taraba da Nasarawa, inda bai san sarki ba, bai san yare ba, lokacin girbinsu ma ba irin na gida ba ne.

Su ma masunta suna da nasu. Dumba, wato jeren gurar Mali da ake gitta wa hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, tana kame duk kifin da ke komawa tafki idan ruwa ya fara ja. Mai dumba ɗaya na iya hana masu koma da mamari na ƙasa da shi samun na miya. Wuraren da suka dace da dumba kaɗan ne, kuɗin da ke cikinta kuma da yawa, don haka rabon su ya zama abin ja-in-ja tsakanin masu sarauta da ƙananan hukumomi da masu kaki.

Abin da ya faru a Logon Birni

A fadamar Logon, a yankin Logon Birni na arewacin Kamaru, masunta da manoman ƙabilar Musgum na haƙa manyan ramuka da magudanai domin su riƙe ruwa da kifi idan ambaliya ta ja. Shanun Larabawan Shuwa masu zuwa shan ruwa sukan zurma cikin taɓon ramukan su maƙale, wasu su karye, wasu su mutu. Magana ce da a da ake kashewa a gaban masu gari da diyya. A Agustan 2021 ta zama faɗa. Ranar 5 ga Disamba ta sake tashi a ƙauyen Ulumsa, cikin kwana uku ta kai Kuseri, aka ƙona kasuwar shanu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da aka kashe da ƙauyuka 112 da aka ƙone, dubun-dubatar mutane, akasari mata da yara, suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Rami da saniya ne suka kunna wutar, amma abin da ya ba ta itace ya daɗe yana taruwa: gasar sarauta da kujerun siyasa tsakanin ƙabilun, zargin cewa hukuma na karkata ga mai kuɗi, da makaman da suka yawaita a hannun jama'a. Watanni huɗu ne tsakanin faɗan farko da na biyu, kuma ba a yi amfani da su an shata mashaya an raba ta da wurin ramuka ba.

Boko Haram da rufe tafkin

A Maiduguri aka haifi Boko Haram, cikin birni, kuma ba ƙishirwa ce ta haife ta ba. Sai wajen 2014 zuwa 2015 ta mayar da tafkin mafaka, saboda tsibirai da ciyayin da mota ba ta shiga. Abin da ya biyo baya ne ya haɗa ta da maganar ruwa. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilun 2015, Nijar ta kwashe mutanen tsibiranta cikin 'yan kwanaki. An hana su da cinikin kifi, an hana cinikin tattasan Difa, an hana hawa babur, an taƙaita takin zamani, an rufe kasuwanni da iyakoki. Dalilin sojoji a fili yake, wato a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi. Amma motsin nan da ya ceci mutane a farin 1973 da 1984 shi aka tsayar cik. Sama da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu a ƙasashen huɗu, suka cunkushe a garuruwa da sansanoni inda famfo ɗaya ke ɗaukar unguwa guda, 'yan gari da baƙi suna layi ɗaya.

Ɓangaren ISWAP, da ya ɓalle daga Boko Haram a 2016, ya gane wannan giɓi. Ya buɗe wa masunta da makiyaya hanyar shiga tafki bisa sharaɗin biyan haraji, yana kuma yanke hukunci a rigingimun fili da na kiwo. Aikin bulama ke nan ya koma hannun mai bindiga. Magidancin da ke zaune a sansani ba sana'a, ga iyali, yana sane da kifi na can, zaɓin da ke gabansa mai ɗaci ne, kuma in ya je ya dawo ana iya kama shi a matsayin mai taimakon 'yan ta'adda. Ba wani shirin zaman lafiya da zai yi tasiri a yankin in bai ba mutumin nan halattacciyar hanyar komawa ruwa ba.

Maganin da shugabanni suka fi ambata shi ne jawo ruwa daga kwarin Kwango, wato shirin Transaqua da wani kamfanin Italiya ya zana tun wajen 1980: magudana mai tsawon kilomita 2,400, da kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. An sake ɗaga shi a taron Abuja na Fabrairun 2018, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa ba ta amince ba. Ko da an samu kuɗin, akwai tambayar da ba a cika yi ba. In tafkin ya koma cikarsa ta 1963, gonakin laka da makiyayar rani da garuruwan da aka kafa cikin shekaru 50 duk za su nutse. Ina za a kai mutanensu?

Ayyukan da ke rage faɗa ƙanana ne a kan wannan, kuma an san su. A riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da yawa a lokaci ɗaya cikin damina domin ya yi kama da ambaliyar asali, a rage shi da rani har hanyoyin ruwa su bushe, a kuma sanar da ƙauyukan ƙasa ranakun tun da wuri. A yanke kachalla a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, domin wadda aka ƙone ko aka sare a sama sake tohowa take yi. A kafa turakun siminti a burtali da mashaya kafin a raba filin noman rani, ba bayan an shuka ba. A auna cikar Shari a Njamena a Oktoba a sanar ta rediyo da Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci, tunda daga ita ake gane ko ruwa zai ƙetara zuwa kwarin arewa, kuma tsakanin awon da isowar ruwan akwai kusan wata biyu da manomi da masunci da makiyayi za su iya shiri a cikinsu.